Rsync na tafiya da hannu, amma ya ƙi ta cron

Malam, in na fahimce ka, idan ka buga umarnin rsync (manhajar kwafar fayiloli) da hannunka ajiyar na tafiya lafiya, amma in cron (mai tashin umarni da kansa a lokacin da aka tsara) ya tashe shi ƙarfe 2 na dare sai ka wayi gari wayam.

Fara sa shi ya faɗi damuwarsa: ƙara >> /var/log/ajiya.log 2>&1 a ƙarshen layin rsync da ke crontab (fayil ɗin jadawalin cron), don duk saƙonsa ya shiga ajiya.log. Cron bai san PATH ɗinka (jerin wuraren da ake neman umarni) ba, yawanci /usr/bin da /bin kawai yake gani, don haka rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni. In akwai % a layin crontab, sa \ kafinsa.

Wanda ya taɓa ƙona ni shi ne faifan waje. A ofishinmu nan Jos, wajen Terminus, aka ɗauke wuta cikin dare. Sabar ta dawo, faifan bai hau /mnt/ajiya ba. Rsync ko a jikinsa, ya yi ta zuba fayiloli a babban faifai har ya cika maƙil. Tun ranar nake sa mountpoint -q /mnt/ajiya && kafin umarnin rsync a layin, don kada rsync ya tashi sai faifan ya hau.

Kada ka sa wa rsync --delete (mai goge fayilolin ajiya da babu su a asali) sai ka gwada da -n (gwaji ba tare da taɓa komai ba) tukuna. In kuwa dmesg (umarnin duba saƙonnin tsarin kwamfuta) na nuna kurakuran I/O (na karatu ko rubutu a faifai), dakatar da rubutu a faifan, ka nemo masanin ceto bayanai kafin ka taɓa fsck (umarnin duba da gyara tsarin fayilolin faifai).