Tambayi Inna: Me zan tanadar wa baƙin Sallah?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da shan ruwa. Tunda azumi ya raba tsakiya, saƙonnin da ke shigowa wannan fili suka koma kan abu guda, wato girkin Sallah. Na zaɓi uku. Ta farkon ce za ta ci mana wuri, domin na san amare da yawa na cikin irin halin da mai ita take ciki.

TAMBAYA: Inna, ina wuni. Ni amarya ce, wata 5 da tarewa, muna zaune a Badariya cikin Birnin Kebbi. Maigidana shi ne babba a ɗakinsu, ya ce danginsa na Argungu da abokan aikinsa za su zo mana yawon Sallah, za su kai mutum 30. Ina da firji amma wuta ba ta tsayawa. Ina ganin ana yin samosa da soyayyar shinkafa da haɗin salak a TikTok, ni ma ina so in fita kunya. Me zan dafa, kuma ta ina zan fara? Daga wata amarya, Badariya.

AMSA: Ɗiyata, Allah ya sanya albarka a auren, ya ba ku zaman lafiya. Kafin in ce ki dafa abu kaza, bari in ba ki labarin Sallata ta farko a ɗakin miji. A 1991 ne, shekarar da aka cire Kebbi daga jihar Sakkwato, kuma ƙaramar Sallah ta faɗo cikin Afrilu, tsakiyar bazara. Tun kafin kiran assalatu na ɗora babbar tukunya, na dafa shinkafa da miyar kaji, na yanka kabeji da dafaffen ƙwai, na juye komai a kwanoni na rufe, na yi wanka na zauna jiran baƙi. Mutane suka sauko daga idi suka wuce kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Gwandu. Da azahar mutum huɗu suka shigo. Da la'asar wasu shida. Babbar tawagar, wadda na yi girkin dominta, sai bayan magariba ta iso. Ina ɗaga murfi wani tsami ya bugi hancina, shinkafar ta fara yauƙi, kabejin ya saki ruwa. Na durƙusa a madafa ina hawaye.

Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta leƙo ta gan ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ke ɗiya, wa yac ce miki baƙin Salla tare su ka zakkuwa?" Ta aika ɗakinta aka ɗauko samira biyu, ɗaya nakiya, ɗaya dambun nama, ta sa aka dama hura da nono mai sanyin randa. Da shi aka tarbi mutanen nan, suka ci suka sa albarka.

Abin da nake so ki riƙe ke nan. Mutum 30 ɗin nan ba za su zauna miki a tabarma guda ba. Uku-uku, biyar-biyar za su riƙa shigowa, daga ranar idi har kwana uku. Saboda haka ki nemi abincin da zai jira baƙo. Shekarun nan ma ƙaramar Sallah cikin zafi take zuwa, kuma kin san Birnin Kebbi, awon zafi kan haura 40 da rana. A irin wannan yanayi dafaffiyar shinkafa da duk abin da aka sa wa ƙwai ko mayonis ko niƙaƙƙen nama, in ya wuce awa 1 a ajiye babu sanyi babu wuta a ƙarƙashinsa, to ya zama abin tsoro. Samosa da salak ba laifi ba ne, amma masu firjin da ba ya mutuwa aka yi wa su. In ranki ya biya, ki yi kaɗan ranar da gidan ya rage daga ke sai maigida.

Ki fara da nakiya, saura mako guda. Mu da Allah ya ba shinkafa a fadamun Argungu da Suru da Bunza, bai kamata a ce Sallah ta zo babu nakiya a ɗakinmu ba, amma yanzu sai a gidan biki ake ganinta, cikin kayan gara. Ki auni shinkafar tuwo gwangwanin madara 8, ki wanke, ki jiƙa kamar awa 3, ki tsane ki baza a tabarma ta sha iska, a niƙo miki ita gari. Ki tankaɗe, ki soya garin a busasshiyar tukunya da wuta kaɗan. Nan aikin yake. Hannunki kada ya bar muciya, domin minti guda na sakaci ya isa ƙasan ya ƙone, kuma ɗacin ƙuna ba ya fita. Za ki ji ƙamshin ya tashi daga na ɗanyen gari ya koma kamar na gasasshiyar gyaɗa, launin ya ɗan yi ja, to ki sauke. Ki zuba dakakkiyar citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Ki dafa sukari da ruwa kaɗan har ya yi danƙo, in kina da zuma ta fi, ki haɗa su a turmi da soyayyen man shanu ki yi ta kirɓawa har ta kama jikinta tana sheƙi. Ki mulmula, ki jera a kwano mai murfi. Nakiya ba ta san firji ba, tana yin watanni, kuma dattawan Argungu da za su zo miki, da sun gan ta sun san gidan da kika fito.

Dublan da cincin ki yi su rana guda, saura kwana 5, ki kira ƙannenki ko yaran maƙwabta su taya ki murji da yanka. Abu ɗaya zan ce kan dublan: ki matsa lemun tsami a ruwan sukarin, shi ke hana shi daskarewa ya yi fari a jiki. Ki bari komai ya huce sarai kafin ki rufe a bokiti, in ba haka ba gumi zai sa ya yi laushi.

Sai dambun nama, saura kwana 3. Shi ne zai rufa miki asiri a aljihu. Kilo 2 na nama in kika soya shi tsoka-tsoka, mutum 10 sun cinye. In kika mayar da shi dambu, cokali biyu-biyu a gefen faranti, zai zagaya 30 ɗin nan har ki ba yara. Ki ce wa mahauci ya yankar miki cinya marar kitse. Ki dafa da albasa mai yawa, ta Aliero ga ta nan a kasuwa, da citta da tafarnuwa da kanumfari da gishiri, har ruwan ya ƙone a jikinsa, yana rabuwa in kin taɓa. Ki daka a turmi tun da zafinsa, ki warware da hannu, ki soya da mai kaɗan kina juyawa. Alamar ya yi, za ki ji yana ƙara sayau-sayau a ƙarƙashin cokali, kumfar man ta kwanta. Dambun da ya rage da damshi kwana biyu zai yi ya yi funfuna, wanda ya bushe kuwa sai ya kai ki sati uku. Yajin ƙuli a ƙarshe, bayan an sauke.

Ranar jajibere ki markaɗa tumatir da tattasai da tarugu da albasa, ki dafa har ruwan ya ƙafe, ki soya da mai ya taso sama. Wannan soyayyen kayan miya zai kwana lafiya, da safe aikinki ya ragu da rabi. Ki dafa soɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki tace, amma kada ki sa sukari sai za a sha, don sukari ke sa shi saurin tashi. Ƙanƙara ki saya da safiyar Sallah ki zuba a babbar kula. Kunun aya kuwa ki haƙura da shi, ba ya jure zafi ko na rabin wuni.

Abinci mai zafi guda ɗaya ya ishe ki, masa da miyar taushe. Dalilina shi ne ƙullu yana jira, tanda kuma minti 10 ta fitar miki da zubi guda. Baƙi sun yi sallama, kin kai musu ruwa da nakiya da dublan, kafin a gama gaisawa da tambayar mutanen gida masa ta sauko da zafinta. Miyar taushe, da yake akwai gyaɗa da kabewa a ciki, ba ta son a bar ta ta huce. Ki bar ta kan garwashi tana ɗan tafasa, ki riƙa ɗiba da ludayi mai tsabta, ganyen alayyafo da yakuwa kuma ki zuba a ƙaramar tukunyar da za ki kai gaban baƙi. Kada ki ci bashi don wannan hidima, ɗiyata. Ki zauna da maigida tun yau ku yi lissafi, abin da ya ba ki shi za ki juya.

TAMBAYA: Inna, masata kullum sai ta yi nauyi kamar dutse, wani lokaci kuma tsami ya yi mata yawa, ga shan mai. Ina kuskuren yake? Daga wata uwargida, Jega.

AMSA: Ƙanwata, matsala uku kika kawo, kuma kowace da tushenta. Nauyi yawanci daga shinkafa ne. Wadda aka turara, irin ta dafa-duka, ba ta masa, sai fara ta tuwo. A gwangwani 8, ki ware 1 ki dafa ya yi luguf, sauran 7 ki jiƙa su awa 6 zuwa 8, ki haɗa da dafaffen da albasa guda a markaɗo da laushi. Dafaffiyar nan ita ke ba masa taushin ciki. Yis cokalin cin abinci ɗaya, sukari kaɗan, ki rufe. Ki duba yis ɗinki ma, in ya daɗe a buɗe ya mutu: ki zuba kaɗan a ruwan ɗumi da sukari, in minti 10 bai yi kumfa ba ki sayi sabo.

Tsami kuma daga lokaci ne. Iyayenmu na kwana da ƙullu, gaskiya ne, amma da sanyin hunturu ko kuma babu yis. Da zafin nan awa 3 zuwa 4 ya tashi, in ya kwana sai ya zarce. Ni ranar Sallah kashi biyu nake yi, na safe in haɗa shi da asuba, na yamma in haɗa da hantsi. Ki jiƙa kanwa ungurnu ki tace ruwan, ki riƙa zuba kaɗan a ƙullun da za ki soya nan take kawai, tana kashe tsami. In ta yi yawa masar za ta yi rawaya da ɗanɗanon sabulu, don haka da cokali za ki auna. Shan mai kuwa, tanda ce ba ta yi zafi ba kika zuba, ko ƙullun ya yi ruwa. Ya kamata ya riƙa zuba daga ludayi kamar kunu mai kauri. A tandata gwangwani 8 na ba ni masa wajen 50.

TAMBAYA: Hajiya, ni magidanci ne a Yauri. Bana kaji da nama sun fi ƙarfina, amma kifi muna samu da sauƙi. Iyalina ta ce abin kunya ne a tarbi baƙin Sallah da kifi. Haka ne? Daga wani magidanci, Yauri.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara buɗi, kuma na ji daɗi da namiji ya damu da abin da ke cikin tukunya. Ka gai da uwargida, ka ce Inna ta ce babu kunya ko ɗaya. Mutane na tasowa daga garuruwa masu nisa su zo Yauri sayen bandar kifi, ku kuma kogin Kwara na bakin ƙofarku. Jihar da duniya ta san ta da bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934, ai ba a ce kifi ya yi kaɗan a farantinta ba.

Ga abin da za ta yi. Ta nemi manyan tarwaɗa masu rai, ta zuba musu ruwan zafi ta kankare yauƙin, ta wanke da lemun tsami. Romon ta fara haɗawa, jajjagen tarugu da albasa, daddawa, citta, masoro, kimba kaɗan, ya tafasa sosai kafin kifin ya shiga. Minti 15 ya isa. Kada ludayi ya shiga tukunyar, ta kama kunnuwanta ta girgiza, in ba haka ba kifin zai dagargaje. Wannan farfesu na baƙin ranar idi ne, ba ya kwana. Na sauran kwanakin, ta soya karfasa ta bushe ƙayau, a barbaɗa yaji, a yanka albasa a kai lokacin da za a kai wa baƙo. Busasshen kifin kuma ta gyara shi da ruwan zafi, ta cire ƙaya tsaf saboda yara, ta zuba a miyar taushe a madadin nama, ya shiga bayan kabewa ta narke don kada ya watse. In giwan ruwa ya samu da rahusa, tsokarsa na yin dambu kamar na nama, sai dai wutarsa ta fi son a rage, kuma a cinye shi cikin kwana 4 ko 5.