Keson wuri 20,000 da lissafin da ke cikinsa

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce Hajiya a Gangare ta ambaci keso, ta ce wuri zambar ashirin ne, kana son sanin ko wannan adadi haka kawai aka tsince shi, tunda lissafi kake karantawa a Jami'ar Jos.

Fara da yadda ake ƙirgar. A da, lokacin da wuri ne kuɗi a ƙasar Hausa, ba a shirya shi a zare, zube shi ake yi a tabarma, mai ƙirga yana janyo biyar-biyar da yatsu. Biyar sau huɗu hauya ce, wato 20. Hauya biyar zangu, 100. Zangu goma 1,000, kuma zambar ashirin ita ce keso ɗaya. Ka ga daga farko har ƙarshe biyu da biyar ne kaɗai suke aiki.

Ɗauki alƙalami ka gwada. Raba 20,000 biyu: 10,000, 5,000, 2,500, 1,250, 625. Sau biyar ta rabu tana cika kafin ta koma mara. Ita kuma 625 biyar ce sau biyar sau biyar sau biyar. Daga nan za ka gane lambobi 30 ne suke raba keso ba saura, wato shida sau biyar: biyu ta fito sau biyar, biyar ta fito sau huɗu, ka ƙara ɗaya a kan kowanne ka ninka. In ka tara su duka ban da ita kanta, za ka samu 29,203, ya zarce 20,000, don haka tana cikin lambobin da masu raba su suka fi su yawa. Amma ba za ka jera ta layi da layi daidai wa daida ba: 141 sau 141 ya ba da 19,881, 142 sau 142 ya wuce zuwa 20,164.

Inda take gazawa shi ne uku, kuma nan nake son ka tsaya da kyau, don nan rigima take tashi. Tara alƙalumanta, 2 za ka samu, uku kuwa ba ta shiga 2. Mutum uku in suka raba keso, kowa ya ɗauki 6,666, wuri biyu su rage, wuri kuma ba ya tsaguwa.

A rabon gado abin ya fi fitowa. Sumunin (ɗaya bisa takwas) matar mamaci mai 'ya'ya 2,500 ne cif, rubu'inta in ba shi da 'ya'ya 5,000. Sudusin (ɗaya bisa shida) uwa fa? 3,333 da saura biyu. Shi ya sa malaman gado ba sa fara lissafi daga kuɗin, daga asalin mas'ala suke farawa, wato ƙaramar lambar da kowane rabo zai fita daga cikinta ba saura, in sumuni da sudusi suka haɗu asalin 24 ne. Keso ɗaya ba ya rabuwa 24, keso biyu ma haka. Sai keso uku, 60,000, inda kowane kaso ke samun 2,500: mata kaso uku 7,500, uwa kaso huɗu 10,000.

Ka je ka zauna da Hajiya ta ƙirga maka da tsakuwa, ka lura da yatsunta. Ka gaishe min da ita.

Kawunka.