Amsa ga mai tambayar shayin Kashmir da ya ƙi yin ruwan hoda

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ina karanta tambayarki na ji kamar ni ce na rubuta ta. Kin dafa ganye, kin zuba madara, shayi ya fito ruwan ƙasa ga ɗaci, har kina tambaya ko masu ɗora hotunan nan kala suke ɗigawa. Wasunsu kala ce wallahi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ainihin ba a ɗiga masa komai, kuma kada ki bari wani ya ce miki hannunki ne ba ya girki.

Kin ce kin sa baƙar hoda. To nan gizo yake saƙar. Baƙar hodar da muke sa wa kek da cincin ba ita ake nufi ba, bekin soda ake so, zallarta, wadda wasu ke kira bikabonet. Ita baƙar hoda akwai soda a cikinta, amma an haɗa ta da wani sinadari mai tsami da garin sitaci, tana shiga ruwa tsamin ya cinye ƙarfin sodar. Shi kuwa wannan shayi ƙarfin nan yake nema, shi ne yake juya koren ganye ya koma ja. Ko gwangwani guda kika juye na baƙar hoda ba za ki ga ruwan hoda ba.

Ni wata ce ta sayar min da wannan ƙaryar, da kuɗina. Maigidana a Islamabad ya yi karatu, kullum sanyi ya shigo sai ya kama labarin shayin da suke sha a Rawalpindi, har na haddace. Sai na ga wata tana tallan ajin koyon shayi kala-kala a WhatsApp, ga hoton kofi nan ruwan hoda shar, an barbaɗa masa fustuk, wato pistachio. Na biya kuɗi masu kauri. Abin da ta turo mana: ganyen shayi mai zare guda huɗu, baƙar hoda cokali ɗaya, a tafasa minti biyar, a zuba madara. Na tambaye ta a fili, Hajiya baƙar hoda dai ta kek? Ta ce eh ita, kada in cika tambaya, in bi abin da aka rubuta.

Ranar da abin ya faɗo kuwa bayan Sallah ce, abokan karatunsa suka zo gaisuwa, har da wani ɗan Pakistan da yake kasuwanci a nan. Maigida ya riga ya gama cika musu baki cewa yau za su tuna da Rawalpindi. Gida cike, uwar mijina tana nan, facalata tana nan. Na bi takardar nan layi-layi. Na zuba madara ina jiran kala, shiru. Na ƙara wuta, shiru. Ga yaro an aiko har sau nawa, wai Baba ya ce a kawo. Haka na zuba a kofunan da na saya musamman saboda ranar, farare masu bakin zinare, wanda hakan ma ya ƙara tona asirin kalar. Baƙon nan, Allah ya saka masa da alheri, ya kurɓa sau ɗaya ya ce masha Allah, ya ajiye kofin a gefen ƙafarsa, bai sake kallonsa ba. Da aka dawo da tire facalata ta leƙa ta ce, “Au, wannan ne shayin da aka yi ta yi mana shela?” Uwar mijina ba ta ce komai ba, kuma da ta yi magana da ya fi min sauƙi. Na shiga kicin na rufe ƙofa, wallahi sai da na yi kuka, ni da girmana, a kan shayi. Har yau in za a yi taro a gidan sai facalar nan ta ce a bar min ɓangaren shayi, tana dariya, wai wasa take.

Da dare na tura wa mai ajin hoton abin da ya fito. Kin san me ta ce? Ta biyo ni ta gefe ta ce ai sirrin shi ne a ɗiga jar kala kaɗan, kowa haka yake yi. Na ce to me ya hana ki faɗa tun farko, kuma me muka biya? Kafin gari ya waye ta cire ni daga ajin. Na bar ta da Allah. Har yanzu ina ganin tallanta yana yawo, kuma na san akwai 'yan gidan nan da suka biya, shi ya sa nake faɗa.

Wadda ta warware min matsalar matar abokin karatun maigidana ce, 'yar Kashmir, ta waya muna kallon juna, ita da tukunyarta ni da tawa. Abu na farko da ta sa na ajiye shi ne ganyen. Baƙin ganyen shayi da muka saba da shi ba ya yi, don an riga an sarrafa shi ya yi duhu tun daga masana'anta, babu sauran abin da zai juya. Kore ake so, kuma ba na ƙulli mai zare ba, musamman masu ƙamshin lemo ko na'a-na'a. Su suna da nasu ganyen na Kashmir, in kin samu a shagunan Indiyawa to madalla. In ba ki samu ba kada ki wahalar da kanki, ki je wajen masu sayar da kayan shayin Buzaye ki ce a ba ki koren ganye ɗan China wanda aka murza ƙanana-ƙanana kamar ƙwaya, sau da yawa za ki ga an rubuta 3505 a kwalin. Da shi nake yi, yana fitowa.

Kin ce minti goma kika tafasa. 'Yar uwa wannan shayi ba na mai sauri ba ne. Ni ruwa kofi 4 nake sawa, ganye babban cokali 2. In ya tafaso sai in zuba soda rabin ƙaramin cokali, ki tsaya a kai don zai taso da kumfa fuu, kuma in kin lura za ki ga gefen kumfar ya fara yin ja-ja. Wannan ce alamar farko. Sai ki rage wuta ki bar shi ya yi ta dahuwa, minti 30 zuwa 40, har ruwan ya ƙone ya rage kamar kofi ɗaya. Kada ganin kala ta yi jinkiri ya sa ki ƙara soda. Ɗacin da kika ji da wani santsi-santsi a harshe, yawan hoda ne yake kawo shi, kuma in ya shiga ba ya fita ko sukari nawa kika zuba.

Daga nan sai ruwan ƙanƙara, kofi 2, mai sanyi ƙarara, ki juye a kai lokaci ɗaya. Na san halin wutarmu, ni ranar da zan yi tun safe nake aika a sayo ƙanƙara in sa a kula. Sai aikin da kowa yake gudu: ki ɗauki ludayi ki riƙa ɗebowa kina ɗagawa sama kina tsiyayowa cikin tukunyar, kina yi kina yi, minti goma ko fiye, har kafaɗarki ta gaya miki. Iska ake so ta shiga, don soda da iska su ne suke haɗuwa su juya sinadarin da ke cikin ganyen. Ki sa tsohuwar riga, yana fallatsi kuma yana kama kaya. Za ki ga ruwan yana ƙara duhu har ya koma kalar zoɓo mai kauri. In bai kai nan ba kada ki ɓata madararki. Ki ɗebi cokali ɗaya a ɗan faranti fari, ki ɗiga madara ki gani. In ya yi ruwan hoda an gama, in ya yi ruwan ƙasa ki ci gaba da ludayi.

Af, tukunya. Kada ki yi a ta dalma, soda tana baƙanta ta. Ki nemi ta ƙarfe mara tsatsa, mai zurfi.

Wata a ƙasan tambayarki ta ce ko kanwa za ta yi. Na gwada da ruwan kanwa da na jiƙa na tace, kala ta fito kam, don danginsu ɗaya da soda. Amma kanwa ba ta da ma'auni, ta yau daban ta gobe daban, kuma warinta yana biyo shayin. Ni ban ƙara ba.

In kin tace wannan jan ruwan, ki zuba a kwalba ki sa a firji, yana kai kwana biyar zuwa mako in wuta ta tsaya. Wannan ne ya sa ban ƙara jin tsoron baƙi ba. Duk mai so sai ki ɗebi rabin kofi, ki haɗa da madara kofi ɗaya ko ƙasa da haka gwargwadon yadda kike son kalar, ki ɗora a wuta kaɗan ya yi ɗan tafasa. Madarar shanu da aka dafa ta fi komai. In ta gari ce ki dama ta da kauri, mai cikakken mai, ba irin wadda ake aunawa a leda ba a san asalinta ba. Ta gwangwani ita kanta ba fara tas ba ce, shi ya sa take disashe kalar, sai dai ki ɗan ƙara ta a ƙarshe saboda garɗi. Kuma don Allah ki riƙe hannunki daga citta da kanumfari da masoro, na san jininmu ne, amma ba gidansu ba ne nan. Hel, wato cardamom, ƙwaya uku ko huɗu da kika fasa sun isa. Lemon tsami kuwa ko kusa, zai kashe kalar ya tsinka madarar.

Maganar gishiri da kika ce yaranki sun ƙi. Nawa ma sun ƙi da farko. A Kashmir ɗin da gishiri ake sha, babu sukari, safe da yamma, da burodinsu na tanderu irin su girda da bakarkhani, a Srinagar har yanzu akwai gidajen da suke dafa shi a samawar, wata irin butar shayi ta tagulla mai bututun gawayi a tsakiya. Mai zaƙin nan da ake barbaɗa wa lauz, wato almond, da fustuk salon Lahore da Rawalpindi ne, wanda ake rabawa a bukukuwan aure lokacin sanyi. Da na gaya wa 'yar Kashmir ɗin nan cewa maigida da sukari yake so, sai da ta dafe kai. Ni yanzu nawa da gishiri nake sha, tsunkule ɗaya a kofi, in haɗa da gurasa mai zafi, wallahi ba a cewa komai. Yara ina sa musu sukari amma ban fasa ɗan gishirin ba, in babu shi sai ki ji shayin salam. Sai dai in akwai mai hawan jini a gidan a kula, gishiri ne ga soda, duka biyun abin da likita yake cewa a rage ne. Uwar mijina rabin kofi nake ba ta, tana mita.

Ki sake gwadawa ranar da ba ki da baƙi kuma babu mai tsaya miki a kai. In kin kai wajen jan ruwan, kafin ki zuba madara, ki ɗauki hotonsa a cikin farin kofi ki turo nan, da hoton kwalin ganyen da na sodar, zan gaya miki ko ya isa ko da saura.