Amsa: Wane lokaci ya fi dacewa da zuwa tsibiran Foge?

Ɗan'uwa, ka tambayi lokacin da ya fi dacewa ka haye daga Yawuri zuwa tsibiran Foge da ke cikin tafkin Kainji domin kallon tsuntsaye da rana, da kallon taurari da dare. A ganina, ka nufi ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, wato lokacin kaka.

Dalili kuwa shi ne, damina ta riga ta ɗauke, gajimare ya janye, ruwan sama ya wanke ƙurar sama, alhali hazon hunturu bai kankama ba. Idan ka bari sai Janairu, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara za ta rufe ƙananan taurari, har wata ma sai ka gan shi dishi-dishi. A wannan lokaci na kaka ne kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke sauka a bakin ruwa, kuma an sanya Foge cikin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, a 2008.

Ka duba kwanan wata na Musulunci, ka zaɓi daga 27 ga wata zuwa 3 ga sabon wata, lokacin da dare ke da duhu sosai. A Nuwamba, taurarin Kaza da 'Ya'yanta na fitowa ta gabas jim kaɗan bayan magariba.

Ka ɗauki mai kwale-kwale ɗan gari wanda ya san inda dorina ke kwanciya, ka sa rigar ceto, kuma kada ka yarda a haye ruwa da dare.