Tsagewar Dubura Mai Tafiya Ta Dawo

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekaruna 38. Shekara biyu ke nan, in na zaga bayan gida sai in ji kamar ana tsaga ni da reza, in ga ɗigon jan jini, raɗaɗin kuma ya kai ni har azahar. Sai ya lafa wata biyu ya dawo. Na sha maganin basir har na gaji. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sawwaƙe. Abin da ka kwatanta ya fi kama da tsagewar dubura, ba basir ba, amma dubawar likita ce za ta tabbatar.

Busasshen bayan gida ne ke tsaga fatar bakin dubura, galibi ta baya, inda da ma jini bai cika isa ba. Zafin sai ya sa zoben naman da ke riƙe dubura ya ɗaure tamau, jinin ya ƙara raguwa, ciwo kuwa ba ya haɗewa in ba jini. Kai kuma don tsoron zafi ka riƙe, abin ya ƙara bushewa. Shi ya sa yake dawowa: da zarar an ji sauƙi sai a saki kulawa, taurin ciki ɗaya ya buɗe tabon.

Don haka aikinka na kullum shi ne bayan gida ya fita da laushi, ba yunƙuri. Ka sha ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, wato ledar fiya wata 4 zuwa 6, ka ƙara in kana gona ko lokacin bazara. Ka yawaita wake, kwaɗon zogale ko rama, miyar kuɓewa da kuka, gwanda da mangwaro. A gaya wa uwargida kada a surfe gero da dawa fes, dusar nan tana da amfani. Farar shinkafa da burodi kullum ba za su taimake ka ba. Tramadol da kodin kuwa, da wasu ke sha don ƙarfin noma, suna busar da ciki ƙwarai. In abinci bai wadatar ba, maganin ruwa na lactulose, mililita 15 sau ɗaya ko biyu a yini, yana tausasa bayan gida.

Da ka ji ya matsa, je ka, kuma kada tsugunon ya wuce minti 5. Yi tsarki da ruwa kaɗai, a hankali; ban da sabulu, ban da kara ko dutse ko da a daji kake, tafi da butarka. Sannan ka zuba ruwan ɗumi a baho, wanda gwiwar hannunka za ta jure, ka zauna ciki minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a yini. Ɗumin yana sassauta zoben. Kada ka zuba Dettol ko kanwa.

Tunda naka ya daɗe, likita zai iya rubuta maka man GTN ko diltiazem, masu sassauta zoben, a shafa a bakin dubura kamar ƙwayar wake safe da dare har sati 6 zuwa 8, ko da zafin ya tafi tun satin farko. GTN kan sa ciwon kai, kuma ba a haɗa shi da ƙwayar ƙarfin maza. In ciwon ya ƙi warkewa, akwai ƙaramar tiyata ta sassauta zoben, wadda ke warkar da mafi yawan mutane. Ana yin ta a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko na Malam Aminu Kano.

Muna roƙon ka da Allah ka bar jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa, domin ita ma tana tsagawa, kuma kada ka bari wanzami ya yanke ɗan tsiron da kan fito a bakin tsagar. In ka ga baƙin jini, ko ruwan mugunya, ko zazzaɓi, ko kana ramewa, ka tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.