Injin ban ruwa zan fara saya ko shinge?

Tambaya: Salam. Na koma ƙauyenmu da zama, akwai fili a bayan gida da rijiya a gefe, ina son in fara lambu, tumatir da albasa da su alayyahu. Kuɗin da ke hannuna ba za su isa inji da waya duka ba, wanne zan fara saya? Awaki a sake suke da rani, kuma muna kusa da daji, gada da zomaye na shigowa da dare.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Gaskiya shinge za ka fara yi, inji ya jira. Ruwa ko da guga da jarka za ka iya lallaɓawa ka ba ƙaramin lambu, amma akuya ɗaya in ta faɗa cikin fangalin alayyahu da hantsi kafin azahar ta gama da wahalar wata guda, daga nan kuma sai rigima da maƙwabci har gaban mai unguwa, kuma da rani kowa ya san dabbobi a sake suke, kai za a ce ka yi sakaci.

Wajen sayen waya ne mutane suke asara. Waya mai ƙaya ta shanu ce, akuya tana kutsawa ta tsakanin layi, gada kuma ƙarama ce, ta ƙasa take sulalewa ba sai ta yi tsalle ba. Wayar raga za ka nema, tsayinta ya kai kamar mita ɗaya da rabi, ka binne gindinta cikin ƙasa wajen taƙi guda saboda zomo da gafiya masu tono, in kuma idon ragar manya ne ka ƙara ƙaramar raga irin ta kaji daga ƙasa zuwa gwiwa. Dirkokin ma ka kula, gara tana cinye ɗanyen icce cikin shekara, in da hali na ƙarfe ko na siminti, in babu ka babbaka gindin iccen kafin ka kafa. Sai ƙofa, wallahi yawancin ɓarna ta ƙofa take shigowa, yaro ya ɗebo ruwa ya bar ta a buɗe shi ke nan.

In kuɗin raga ba su kai ba kar ka fasa, dangar kara da ƙaya ita iyayenmu suka yi lambu da ita, sai dai duk shekara sai an sabunta. Abin da nake so ka yi tun bana shi ne ka dasa aguwa ko cindazugu a jikin shingen, reshe kawai ake yanka a soka a ƙasa, dabbobi ba sa cinsu, nan da shekara biyu zuwa uku sun haɗe sun zama katanga. Ka dai ja kunnen yara, ƙwallon cindazugu guba ne, kaikayin ruwan aguwa a ido kuma ba daɗi.

Toh maganar ruwa. Kafin ka sayi komai ka gwada rijiyar nan, ba da damina da ƙasa ke jiƙe ba, ka tambayi tsofaffin wurin yaya take a watan Maris da Afrilu. Da zafi kowace mita ɗaya murabba'i ta shuka tana shan lita 5 zuwa 7 a rana, kenan lambu mai mita 10 tsawo 10 faɗi yana neman lita 500 zuwa 700, wajen durum uku kullum. Shi ya sa nake cewa ka fara da ɗan kaɗan, fangali goma da suka ƙoshi sun fi hamsin masu ƙishi. Ka zuba takin gargajiya sosai, ka rufe ƙasa da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, ka yi ban ruwa da sassafe ko da yamma liƙis, za ka ga bambanci.

Tambaya: Ni kuma ina da shinge, injin fetur ya fi ko na sola?

Amsa: Ɗan uwa zurfin ruwanka ne zai yanke maka. Injin fetur ɗin nan mai inci biyu ko uku da ake gani a fadamun Kura da Kadawa daga sama yake zuƙo ruwa, in ruwan ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8 ba zai ja ba ko sabo ne fil, a nan sai samasibul da ake zurawa cikin rijiya. Kuma ƙarfinsa ya fi ƙarfin rijiyar gida, cikin mintuna zai ƙafar da ita ya koma jan laka. Ga kuɗin mai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, masu noman rani sun ji a jikinsu. Ga ƙaramin lambu ni sola na fi so, ƙaramin famfo da tanki a ɗan tudu, rana ta cika tanki kai kuma ka ba da ruwa da yamma, ba ka buƙatar batir. Tsadarsa ta farko ce, amma ka saya wajen wanda zai zo ya auna zurfin rijiyar ya kuma ba ka garanti a rubuce, ka kafe faifan solar da kyau saboda ɓarayi, kana goge masa ƙurar hunturu.

Shukar farko kuma ku duka biyun ku fara da alayyahu, latas, rama da yakuwa, alayyahu cikin wata guda an fara yanka ana samun na cefane. Tumatir a bari sai sanyi ya shigo wajen Nuwamba, kuma kaɗan, don tsutsar sharon da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har yanzu tana nan.