Kai yara gidan fiza mai wasannin kwamfuta

Maman yara, tambayarki yadda za ki kai 'yan shekara 3 da 5 ba tare da kuka ko zubar da kuɗi ba.

Ku je da hantsi ranar aiki, kafin cunkoso. Su fara cin abinci. Yaron da ya taɓa na'urorin wasa ba ya komawa tebur. Fiza babba ɗaya mai yanka 8 ta ishe ku. A Amurka tambayi naman da ke kai, feferoni, wato yankakken nama mai yaji da ake sa wa fiza, yawanci da alade a cikinsa.

Zuba wa kowa kuɗi daidai a katinsa na biyan kuɗin wasa, ki faɗa masa idan sun ƙare an tashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin karɓar kyaututtukan da aka ci a wasa sai yaro ya gaji. Nan rigima take tashi. Awa ɗaya da rabi ta wadatar.

Idan cuku na sa wa ɗayansu ƙuraje ko amai, ki ga likitan yara tukuna.